Yadda Ake Daidaita Gudun Ruwa a Tankin Murjani na Gida

Yawancin masu fara kiwon murjani a tankin gilashi, fitila da kayan gwajin ruwa suke fara zuba wa kuɗi. Famfon kaɗa ruwa kuwa sai a bar shi ƙarshe, a sayi wanda ya samu, a manna shi a gilashi inda hannu ya kai, a kunna a manta da shi. A wurina, in ka cire yawan gishiri da zafin ruwa, babu abin da ke saurin gyara tanki ko ɓata shi kamar yadda ruwan ke motsi a ciki. Kuma shi ne abin da za ka iya gyarawa yau ɗin nan ba tare da ka sayi komai ba, in dai ka san abin da za ka duba.

Tankina yana falo a Abuja. Tsawonsa santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, wato lita 300 a lissafi, ko da yake duwatsu da yashi sun cinye wani kaso. A ƙarƙashinsa, cikin kabad, akwai ƙaramin tanki inda ruwa ke gangarawa a tace shi, famfo ya sake turo shi sama. Murjanin da ke ciki gauraye ne: masu taushi, masu kaurin nama, da 'yan reshen Acropora da Montipora, wato masu ƙashi mai tauri da siririn nama, a can sama. Duk abin da zan faɗa daga irin wannan tanki na ɗauko shi.

Me ya sa ruwan dole ya motsa

Murjani halitta ce mai rai daga jinsin dabbobi, amma ba ya tashi daga inda aka dasa shi. Kifi in wuri bai yi masa ba sai ya ƙaura. Murjani kuwa ruwa ke kawo masa abinci da iska, ruwa ke kwashe masa ƙazanta da yauƙin da yake fitarwa. A jikin kowane murjani akwai wani siririn ruwa da ke manne da fatarsa wanda kusan ba ya motsi, kuma duk abin da zai shiga jikinsa ko ya fita sai ya ratsa ta nan a hankali. In ruwan tanki ya yi sanyin gudu, wannan shimfiɗa sai ta yi kauri. Da rana, ƙananan gansakukan da ke zaune cikin naman murjanin suna sarrafa haske, iskar oksijin ta taru ta yi masa yawa har ta fara cutar da shi. Da dare kuma abin ya juya: shi da gansakukan duk numfashi suke yi, oksijin ɗin da ke kusa da jikinsa ya ƙare, sabo kuma bai iso ba. Motsin ruwa ne ke kankare wannan shimfiɗa ta zama siririya.

Bayan zafin teku na 1998 da ya farar da murjani a sassan duniya da dama, wasu masu bincike biyu a Okinawa ta Japan, Takashi Nakamura da Robert van Woesik, sun wallafa gwaji a 2001 da ya nuna cewa Acropora da ke cikin ruwa mai gudu ya jure zafi, wanda ke cikin ruwa mai sanyin gudu kuwa ya mutu. Mu da muke fama da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan tanki ke neman haura digiri 28 ko da fanka na busa samansa, wannan magana tamu ce. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba: a digiri 25, ruwan daɗi na riƙe kusan miligiram 8.3 a lita, ruwan teku kuwa bai kai 7 ba, kuma da zafi ya ƙaru sai ya ƙara raguwa.

Lissafin farko

Ana auna gudun ruwan tanki da sau nawa famfuna ke juya dukkan ruwan a awa ɗaya. Abin da masu kiwo suka saba aiki da shi: sau 10 zuwa 20 ga murjani masu taushi da masu kaurin nama, sau 20 zuwa 40 ga tankin gauraye, sau 50 ko fiye ga tankin da Acropora ya fi yawa. Nawa na ɗora shi a kan sau 30, wato lita 9,000 a awa.

Kar ka nemi wannan ƙarfin daga famfon da ke dawo da ruwa daga tankin ƙasa. Aikinsa kai ruwa wurin tacewa ne, kuma sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar. In ka matsa masa, magudanar da ke saukar da ruwa zuwa tankin ƙasa za ta riƙa kwarmato, kumfa ya cika tanki, na'urar kumfa mai cire ƙazanta da ke ƙasa kuma ba za ta sami lokacin yin aikinta ba. Ka kuma sani lambar da ke jikin kwalinsa lamba ce ta famfon da bai hau ko'ina ba. Da zarar ya tura ruwa sama mita ɗaya da ɗoriya, ya bi ta gwiwar bututu biyu ko uku, wani kaso mai yawa ya tafi. In kana son sanin gaskiyarsa, tara bokitin da ka san litarsa a bakin bututun da ke zubowa tankin ƙasa, ka duba agogo. Nawa lita 1,200 yake bayarwa a awa. Ragowar, kusan lita 8,000, daga famfuna biyu masu farfela yake fitowa, waɗanda ke manne a gilashi da maganaɗisu.

Biyu sun fi ɗaya, ko da ɗayan ya kai ƙarfin biyun. Kuma ka sayi waɗanda suka fi buƙatarka ƙarfi ka riƙa gudanar da su a rabi: ba su da ƙara, ba sa saurin lalacewa, in murjani ya girma kana da inda za ka ƙara. Masu kuɗi suna sayen VorTech na kamfanin EcoTech Marine, wanda injinsa ke wajen gilashi, ko Tunze na Jamus, ko Maxspect Gyre mai siffar doguwar sanda. Yawancinmu Jebao muke amfani da shi, kuma yana aiki. Abin da za ka dage a kai shi ne ya zama mai kwantirola, wanda za ka iya rage masa ƙarfi ka kuma sauya masa salo. Tsofaffin famfunan da ke harbo ruwa ta siririn baki kar ka kusance su. Tun da masu farfela suka bazu a farkon shekarun 2000, babu dalilin da zai sa mutum ya riƙa harbin murjani da tsinin ruwa.

Wannan lissafi dai wurin farawa ne kawai. Tanki biyu masu lita ɗaya da famfo iri ɗaya za su iya bambanta ƙwarai saboda yadda aka jera duwatsu.

Inda za a manna famfo

Ka fara da duwatsu kafin famfo. In ka jingina su da gilashin baya kamar katanga, babu famfon da zai hana datti taruwa a bayansu. Ka bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakaninsu da kowane gilashi, ka bar ƙofofi a tsakiya, kuma kar gindinsu ya kwanta a yashi gaba ɗaya. Ruwa na son hanyar zagayawa.

Nawa famfunan ɗaya yana gilashin hagu, ɗaya a na dama, dukkansu a kason sama na tankin, kamar santimita 12 ƙasa da saman ruwa. In ka hau da shi sama fiye da haka zai riƙa zuƙo iska, ka ji yana wani gurnani yana feso kumfa. In ka sauke shi ƙasa sosai zai haƙe maka yashi. Na hagu na ɗan karkata shi wajen gilashin gaba, na dama wajen gilashin baya, kowanne kuma ya ɗan kalli sama kaɗan. Ba su fuskanci juna kai-tsaye ba, gefensu ne ke gogar juna a tsakiyar tanki, kuma a nan ruwan ke ruɗewa ya watsu ko'ina. Wannan ruɗewar ita nake nema.

Akwai hanya ta biyu, wadda masu famfon sanda suka fi so: a tura ruwa ta sama daga gefe guda, ya bugi gilashin can, ya gangara, ya dawo ta ƙasa, dukkan ruwan tankin ya riƙa zagaye. Tana share ƙasa da kyau, datti ya tashi ya nufi magudana. Aibinta shi ne in aka bar ta a fuska ɗaya kullum, kowane murjani gefe ɗaya kawai ruwa ke dukansa, bayansa kuma shiru. Mai wannan tsari ya sa famfo biyu su riƙa karɓeɓeniya, wannan ya tura na wasu mintuna ko awanni, ya lafa, wancan ya karɓa.

Ko wace hanya ka bi, kar bakin famfo ya kalli murjani kai-tsaye daga kusa. Ko Acropora, da ake cewa ba ya ƙoshi da ruwa, in ka sa shi a gaban farfela tazarar taƙi ɗaya, naman gefen zai sale ya bar farin ƙashi.

Sai saman ruwa. Ka tsuguna ka kalle shi daga ƙasa. Ya kamata ka ga yana rawa ko'ina, hasken fitila na karyewa. In ka ga wani ɓangare ya kwanta lif da wata yana mai maiƙo, iska ba ta shiga ta nan. Lokacin hunturu wannan ya fi tsanani, domin ƙurar da ke shigowa ko an rufe taga kan ruwan take sauka. Ka ɗaga bakin famfo ɗaya ko bakin bututun dawowa ya riƙa tura yanar zuwa magudana. Sai dai rawar saman ruwa na ƙara tururi, iskar hunturu kuma busasshiya ce, don haka ruwa zai riƙa raguwa da sauri. Ka riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri kullum, ba sai ya yi ƙasa sosai ba, don ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026.

Ganin ruwa da ido

Ruwa ba ya ganuwa, sai ka sa masa abin da zai ɗauka. Ka murtsuke ɗan abincin kifi na ɓawo ya zama gari, ka nitsar da shi a gaban famfo, ka bi ƙwayoyin da ido. Za ka ga inda suke gudu, inda suke juyawa, da inda suke tsayawa su sauka. Ko ka ɗaura siririn zare mai tsawon yatsa a kan sandar roba, ka riƙa kai shi lungu-lungu: bayan duwatsu, ƙasan kogo, kusurwoyi huɗu na ƙasa, da daidai inda kake niyyar dasa sabon murjani. In zaren ya miƙe tsaye ya ƙi lanƙwasa, wurin ya yi ƙarfi kuma fuska ɗaya ne. In ya rataye, wurin ya mutu. Wanda ake so shi ne zaren ya riƙa kaiwa da komowa.

Gwaji na uku ya fi faɗin gaskiya. Ka ɗauki babbar sirinji ko robar hura ruwa, ka fesa wa duwatsu. Inda hayaƙin datti ya tashi da yawa, nan ruwa ba ya zuwa. Nan ne kuma jar gansakukar nan mai kama da shimfiɗar majina take fara kafa sansani, ta rufe yashi, ta tara ƙananan kumfa da yamma. Mutane kan ruga su sayo magani. Kafin magani, karkata famfo ka ga.

Yashi ma yana magana. In ya taru tsibi a gefe guda, gilashin ƙasa ya bayyana a wani gefen, ruwan da ke bugun gilashin gaba yana gangarowa da ƙarfi. Ka ɗaga bakin famfon ko ka rage shi. Yashi mai laushi kamar gari ba ya zama lafiya da ruwa mai ƙarfi, shi ya sa mai ƙwayar milimita 1 zuwa 2 ya fi, wasu masu Acropora ma ba sa zuba yashi sam.

Karanta jikin murjanin

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan nake so ka fi ɓata lokaci. Ka ja kujera ka zauna a gaban tanki awa biyu ko uku bayan fitila ta kama, lokacin da kowa ya buɗe.

Ka fara da Euphyllia mai dogayen yatsu, domin shi ne ya fi kowa nuna halin ruwa. In ya ji daɗi, yatsunsa na fitowa dogaye, cike da ruwa, suna kwantawa hagu su tsaya kaɗan su dawo dama, kamar yadda iskar damina ke kaɗa ganyen dawa a gona. In ka ga duk sun kwanta gefe guda sun ƙi tashi, ko suna karkarwa da sauri, ko gefen da ke kallon famfo ya tsuke ya fi ɗayan gajarta, ruwa ya yi masa yawa. Wannan ba abin jira ba ne. A ƙarƙashin naman nan mai laushi akwai ƙashi mai kaifi kamar reza, kuma ruwa mai ƙarfi na goga naman a kansa har ya yage. Daga yagewa sai ciwon nan mai kama da ruɓaɓɓen yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa ya shiga, wanda ke iya cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu ya tsallaka na kusa. Plerogyra mai ƙullutun kumfa da Trachyphyllia da ke kwance a yashi sun fi shi ma rauni. Su lungu mai laushin ruwa suke so, inda naman zai kumbura ya riƙa ɗan numfashi a hankali.

Sarcophyton, mai faɗin kai da fata kamar ta jima, labarinsa daban. Lokaci-lokaci yakan janye duk 'yan bakunansa, kansa ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma, ya zauna haka kwanaki. Sabon mai kiwo sai ya ɗauka mutuwa yake yi. Saɓa yake yi. In ka matso kusa za ka ga wata siririyar fata mai haske ta fara ɗagowa daga bakin kan, ruwa na kama gefenta yana ja, tana naɗewa, har ta ɓalle ta tafi. Washegari bakunan su fito fiye da da. In ruwan wurin ba shi da ƙarfi, fatar ba ta fita, datti da gansakuka su kwanta a kanta, ƙasanta ya fara ruɓewa. Irin wannan ka ƙara masa ruwa, ko ka taimaka masa da sirinji a hankali.

Zoanthus, 'yan ƙananan furannin nan masu launi, matsakaici suke so: gashin bakinsu ya riƙa motsi, amma kar a tilasta musu rufewa. In suka rufe kwana da kwanaki kuma ka ga datti a tsakaninsu, ruwa ya yi kaɗan. Masu kama da laimar kwaɗi, Discosoma da Ricordea, in ruwa ya dame su sai su ƙanƙance, wani lokaci su saki dutsen su bi ruwa, ka tsince su a bayan tanki. Ka ba su ƙasa, a inuwar dutse.

Acropora da Montipora da Stylophora su ne masu son ruwa da gaske, amma mai faɗi, mai sauyawa. Alamar jin daɗinsu 'yan gashin da ke fitowa a jikin reshe suna rawa, da farin tsini a ƙarshen reshe inda sabon ƙashi ke tsirowa. Alamar ƙarancin ruwa a wurinsu ba ta bayyana da wuri: gindi ko tsakiyar rassan ne ke fara fari yana hawa sama a hankali. Abin da ke jawo haka sau da yawa shi ne girman murjanin kansa. Ɗan reshen da ka dasa kamar yatsa ya zama kurmi, rassan waje sun tare ruwa, na ciki ba sa samu. Saitin da ya yi daidai bara ba zai yi bana ba. Montipora mai faranti kuma datti na taruwa a tsakiyar farantin, wurin ya mutu ya zama tabo.

Kifi ma shaida ne. In kullum suna maƙale a bayan dutse guda ba sa fitowa tsakiya, ko ƙananan na fama da iyo kamar ana korarsu, ka rage. In da asuba ka same su a sama suna haki, oksijin ya yi ƙasa cikin dare, kuma wannan ya fi komai gaggawa.

Tun da kowa da abin da yake so, ba za ka iya saita famfo ya gamsar da duka a wuri guda ba. Ka saita shi don masu son ƙarfi a sama, sannan ka nema wa sauran mazauni a inda duwatsu suka karya ruwan. Sau da yawa matsar da murjani taƙi ɗaya ya fi taɓa kwantirola.

Salon kwantirola

Kusan kowace kwantirola na da gudu na bai-ɗaya, da mai bugawa yana tsayawa, da mai sauyawa ba tsari. Na ƙarshen nake amfani da shi a famfunan biyu, tsakanin kashi 30 da 60 cikin ɗari, ba tare da na haɗa su su yi tafiya tare ba, don haɗuwarsu ta riƙa sauya wuri. Tunanin ba sabo ba ne. Bruce Carlson, lokacin da yake gidan kifin Waikiki a Hawaii, ya yi suna da wata dabara mai sauƙi: tanki a sama yana cika a hankali, in ya cika sai ya juye ruwan gaba ɗaya cikin na murjani. Abin da yake kwaikwayo shi ne turowa da janyewar teku, kuma shi kwantirola ke yi mana yanzu ba tare da an jiƙa falo ba.

Salon bugawa, in ka dace da lokacinsa, yana sa dukkan ruwan tanki ya riƙa lilo daga gefe zuwa gefe. Yana da kyan gani, kuma yana motsa ruwa har cikin lunguna. Amma nauyin ruwa ne ke dukan gilashin gefe dubban sau a rana. In tankinka haɗin gida ne, ko ba ka san kaurin gilashin da ingancin gam ɗinsa ba, ko teburin na ɗan girgiza, ka bar lilon ya tsaya a santimita ɗaya ko ka haƙura da shi.

Maɓallin ciyarwa yana tsayar da famfo kamar minti goma ya tashi da kansa. Shi za ka riƙa dannawa, kar ka zare waya daga soket, domin wanda ya zare yana iya mantawa har safe. Saitin dare kuwa, wanda ke rage gudu in fitila ta mutu, ban yarda a rage shi sosai ba. Dare ne lokacin da oksijin ya fi ƙaranci a tanki. In za ka rage don kifi su huta, kashi 10 zuwa 20 ya isa, kuma saman ruwa ya ci gaba da rawa.

In za ka sauya wani abu, sauya abu ɗaya. Ko ƙarfi, ko kusurwa, ko mazaunin murjani, ba duka a rana guda ba. Ƙarfi kuma kashi 10 a lokaci guda, sannan ka jira kwana uku zuwa mako. Murjani kan tsuke na yini ɗaya ko biyu don kawai an sauya masa abin da ya saba, ba don sabon ya yi muni ba. Banda dai mai kaurin naman da ka ga farin ƙashinsa na lekowa, shi a take ake ceto. Ka manna ɗan salatif a wajen gilashi inda maganaɗisun yake, ka rubuta lambar kwantirola, ka ɗauki hoto da waya a lokaci ɗaya kowace rana. Ido na mantuwa, hoto ba ya yi.

In an ɗauke wuta

A ƙasarmu ba a gama maganar gudun ruwa sai an zo nan. Murjani zai jure kwana biyu ko uku babu fitila. Babu motsin ruwa kuwa, a tanki mai kifi da yawa cikin zafi, 'yan awanni sun isa a fara asara. Don haka in inbatarka ba za ta ɗauki komai da komai ba, famfon kaɗa ruwa ɗaya, wanda ya fi kusa da sama, shi ne farkon abin da za ka ɗora mata. Ba ya cin wuta: wat 15 ko ƙasa da haka in yana rabin gudu. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 na riƙe da kusan wat-awa 1,200, ko rabinsa kawai ka ja, zai riƙe famfon fiye da yini guda. Ka ajiye ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin tocila a kabad saboda ranar da inbatar ma ta gaza. In babu ko ɗaya, ɗebo ruwa da jug ka riƙa zubo shi daga sama kowane 'yan mintuna.

Akwai kuma ambaliya. Da famfon dawowa ya tsaya, bututunsa na juyawa ya zama mazuƙa, ya riƙa janyo ruwan sama zuwa tankin ƙasa har sai bakinsa ya sha iska. A tanki mai tsawon 120 da faɗin 50, kowace santimita ɗaya lita 6 ce. In bakin bututun na santimita 10 ƙarƙashin ruwa, lita 60 za su sauko, tankin ƙasa kuma ba shi da wurinsu. Ka sa bakin kusa da sama, ka huda ƙaramin rami a jikin bututun ɗan ƙasa da saman ruwa don ya sha iska da wuri, ka riƙa tsokace ramin da tsinke saboda gishiri da gansakuka na toshe shi. Sannan ka kashe wutar da hannunka kana tsaye, ka ga inda ruwan tankin ƙasa ya tsaya, ka ja layi da alƙalamin maka a iyakar da ba za ka riƙa wucewa ba in kana cikawa. Ka kuma duba cewa in wuta ta dawo kowane famfo na tashi da kansa a saitinsa na da. Wanda ya yi datti yakan maƙale ya ƙi tashi sai an taɓa shi, kuma hakan na iya faruwa kana wurin aiki.

Wayoyin famfo su lanƙwaso ƙasa kafin su hau soket, don ɗigon ruwan gishiri ya sauka a ƙasa maimakon ya bi waya. In kana da animoni, wato ɗan uwan murjani marar ƙashi mai yatsu da yawa, ka sa wa famfunan rigar raga, domin yawo yake yi da dare in bai ji daɗin wurinsa ba, kuma in farfela ta kama shi dukkan tankin zai ji a jikinsa.

Wanke famfo

Famfon da ya yi wata biyu ko uku a ruwan gishiri ba ya bayar da abin da yake bayarwa yana sabo. Gansakuka mai tauri ruwan hoda, da farin alli, da 'yan katantanwa suna cika ragarsa da farfelar, gudu ya ragu a hankali yadda ba za ka lura ba sai jar gansakuka ta fito a kusurwa. Ka cire shi, ka warware, ka jiƙa a ruwan ɗumi da garin sitirik asid, kamar cokali biyu ko uku a lita, na awa ɗaya zuwa biyu. Ruwan khal ma na yi, sai dai ya fi jinkiri, kuma ba na barin maganaɗisu ya daɗe a cikinsa. Ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye sosai, ka duba jikin maganaɗisun: in ya kumbura ko ya tsage ko ka ga tsatsa, kar ya koma tanki, domin ƙarfen da zai saki guba ne ga murjani.

Ɗaya bayan ɗaya ake wankewa, mako guda a tsakani, don kar tanki ya zauna shiru. In ka mayar da wankakken, ka rage masa kashi 10 daga lambar da yake kai kafin wanki, domin zai dawo da ƙarfin da murjanin suka daɗe ba su ji ba. Bayan kwana biyu, in Euphyllia na kaɗawa yadda ya kamata, sai ka mayar da shi lambarsa.